Asuba ta Uku

Kwanakin baya aka cire mini yana a idon dama, a wani ƙaramin asibiti da ke Annandale, a nan Amurka. Aikin bai kai tsawon sallar la'asar da addu'o'inta ba. Likitan da ya yi mini, wanda na haifi wanda ya girme shi, yana aiki yana ba ni labarin ƙwallo. Washegari da hantsi ina zaune a falon gidana a Upper Marlboro, ina jin ƙarar injin nan da maƙwabcina yake hura busassun ganyaye da shi tun safe, sai waya ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce. Wai yaya idon ya kwana? Akwai zafi? Akwai ja? Kada in manta in zo da rana a duba, in dawo bayan mako, in sake dawowa bayan wata. Idon hagu kuwa ba za a taɓa shi ba sai wannan ya warke sarai. Na ce mata lafiya lau, na gode, na ajiye wayar, sai ga ni ina kuka da idon da aka ce in kiyaye shi daga ruwa. Ni fa likitan ido ne, na tsufa a kan aikin a ƙasar nan, ni da kaina na sa an yi wa Amurkawa ba iyaka irin wannan kiran. Abin da ya sa ni kuka, akwai mutum ɗaya da ban taɓa yi wa shi ba.

'Yata ita ma likitar ido ce. Sunan yayata na sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Mai Sunan Yaya nake ce mata. A lokacin tana shirin zuwa gida da wasu abokan aikinta su yi wa mutanen ƙauyuka aikin ido kyauta, kwana huɗu suna aiki, rana ta biyar su hau jirgi su dawo. Ta ce in sake ba ta labarin uban kakata, mai tsinken nan da ta sa a gilashi ta rataye a ofishinta, don ta ba da shi a taron ban kwana da 'yan ƙasarmu za su yi musu. Rabin labarin ta sani, rabin da ake faɗa a wajen biki. In na ba ta sauran, dole in haɗa da nawa, kuma na san daga ranar ba za ta ƙara kallona da idon da take kallona da shi ba. In na yi shiru, za ta je ta yi abin da na yi.

A wajen Kaka, mahaifiyar babana, muka ji labarin, ni da Yaya. Mahaifiyarmu ta rasu ina goye, Yaya ce ta ƙarasa rainona. Gidanmu ba a sanin lokaci da agogo. Da sassafe ƙarar taɓarya, da hantsi ƙarar dutsen niƙa, in rana ta ɗaga sai ƙurrr ɗin mazarin Kaka, tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, tana dangwalar alli da yatsa. Yaya kuwa tana bakin murhu tana suyar ƙuli-ƙuli, idanunta kullum jajir saboda hayaƙi, da ƙuli-ƙulin nan aka yi mini makaranta. Kaka ba ta ba da labari sai hannunta yana aiki, in zare ya tsinke labari ya tsaya, kuma kaiconka in ka ce ta ci gaba. Yanzu jikokina a nan in na fara magana sai su ce in gajarta. Kai, zamani! Mu wata guda muka yi muna tsintar labarin nan gutsure-gutsure, ba wanda ya isa ya yi gaggawa.

Uban Kaka, tun kafin Turawa su zo, sana'ar gidansu ture yana ce. A zaunar da makaho a rana, a riƙe masa kai, a soka tsinken tagulla ta gefen ido, a tura farin abin nan da ya tare gani ya faɗa can ƙasan ƙwayar. Nan take mutum zai ga haske, ya ga hannu, ya ga 'ya'yansa. Sai guɗa ta tashi, a kawo akuya, a kawo zane, a yi ta sa albarka. Amma sana'ar tana da doka ɗaya da uba yake damƙa wa ɗa tare da tsinken: kada asuba ta uku ta same ka a garin da ka yi aiki. Wai in mai tsinke ya ji kiran sallar asuba sau uku a gari ɗaya, albarkar aikin ta tashi, duhu ya dawo. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, shi ma haka ya taso, daga wannan gari zuwa wancan da jakinsa, bai taɓa komawa inda ya bari ba.

Wata shekara bayan an gama girbi ya sauka a wani gari mai ganuwa. A kasuwa ya ga wata budurwa tana sayar da daddawa, uwarta makauniya tana zaune a gefenta da sanda. Mutumin nan da ba shi da tukunya ba shi da murhu, kwana shida yana zuwa sayen daddawa, ya ƙi fito da tsinkensa don kada kwanakinsa su fara ƙirguwa. A rana ta shida ta dube shi ta ce, “Baƙo, daddawar nan ci kake ko gini za ka yi da ita?” Nan ya faɗi ko shi wane ne da abin da yake so. Ta ce ya buɗe wa uwarta ido tukuna. Washegari ya yi wa tsohuwar ido biyu, ya yi wa wasu mutanen garin. Tsohuwa ta buɗe ido ta ga 'yarta, ta ce, “Ashe haka kika girma?” Ta juya ta ga mai neman auren, ta ce, “Wannan ne? To, ashe gani ma da wahalarsa.” A nan ake tsayawa in ana biki a danginmu, kowa ya yi dariya, a ce aka ɗaura aure. Ni ma a nan na tsaya wa 'ya'yana.

Kaka ba ta tsayawa a nan. Ta ce budurwar ta ce masa ita ba za ta auri mutumin da jakinsa kullum yake ɗaure da kaya ba, in da gaske yake ya yi kwana bakwai. So ya ci ƙarfinsa, ya sauke kayan. Da asuba ta uku ya kwanta ya toshe kunnuwansa da auduga da yatsu don kada ya ji ladan. A rana ta huɗu da hantsi aka ji ihun tsohuwar daga bayan katanga. Idanun sun kumbura, sun yi ja, suna zubar da ruwa, tana buga kanta da bango saboda azaba. Kafin bakwai ɗin ta cika, ita da yawancin waɗanda ya taɓa sun koma duhu, wanda ya fi na da, don da suna bambance rana da inuwa, yanzu ko wannan babu. Gari ya ɗauka cewa yarinyar ce ta ja, ita ta tsare mai magani har ya karya dokarsa. Aka daina sayen daddawarta, mata suna tofar da yawu in ta wuce, 'yan'uwan makafin suna jifan ƙofar gidansu.

Shi ma da farko haka ya ɗauka. Amma abu ɗaya ya hana shi sukuni: shi fa bai ji kiran sallar nan ba, kunnuwansa a toshe suke. Sai ya ɗaure jakinsa a ƙofar gidansu yarinyar don ta san zai dawo, ya naɗe fuskarsa da rawani, ya bi sawunsa da ƙafa, gari bayan gari, yana tambaya kamar baƙo. Ya same su, mutanen da ya yi wa aiki a baya. Suna zaune a gindin katanga, idanu sun lotsa, wasu ana ja musu sanda. Masu gani a cikinsu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ya fi kashe shi, har lokacin suna sa masa albarka, suna cewa bawan Allah ya yi aikinsa, su ne ba su da rabo. A nan ya gane amfanin dokar gidansu. An kafa ta ne don mai tsinke ya bar gari da guɗa a kunnensa, kada ya ga rana ta huɗu.

Ya dawo ranar Juma'a, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, ya ce yarinya ba ta da laifi, ko ya tafi ko ya zauna haka idanun za su yi. Suka yi masa dukan da Kaka ta ce ita ba ta taɓa sanin ubanta da haƙoran gaba ba. Yana kwance a ƙasa yarinyar ta zo da ruwa a ƙwarya, ta ce, “Zan aure ka. Ba don so ba, wannan ya riga ya wuce. Sandar uwata za ka riƙe.” Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane nauyin maganar ba. A wancan lokacin suruki ko hanya ba ya haɗawa da uwar matarsa, in ya hango ta sai ya sake lungu. Shi kuwa ya riƙe mata sanda a gaban gari duka, zuwa kasuwa, zuwa gaisuwar mutuwa, har ta koma ga Allah. Saboda kunya ba ya yi mata magana, sai tari: tari ɗaya rami, tari biyu ƙofa. Kaka ta ce da wannan tarin da ƙwas-ƙwas ɗin sandar ta yi wayo. Bai jefar da tsinken ba, don makafi ba su daina roƙonsa ba, amma ya sake dokar: ido ɗaya kawai zai taɓa, kuma sai ya yi kwana arba'in a garin. Kaka ta taɓa tambayar uwarta ko daga baya ta so shi. Abin da ta ce mata kawai, “Ya zauna.”

Ni kuwa na yi karatu, na haye teku, na koyi aikin da wuƙa da madubi da magunguna, har ina yi wa tsinken dariya. Da na yi ƙarfi a nan sai muka fara zuwa gida shekara-shekara muna aikin kyauta. Wallahi da zuciya ɗaya muke zuwa. Layi tun daga bakin asibiti har titi, ka yi aiki har bayanka ya ƙage, washegari a kwance bandeji, tsofaffi su ga haske, guɗa ta tashi, irin guɗar nan dai da aka yi wa uban Kaka. A ɗauki hoto, a sa albarka, mu hau jirgi. Shi jaki gare shi, mu jirgi, kuma namu ya fi nasa sauri. Ban taɓa tambayar kaina wa yake duba mutanen nan bayan mako ba.

A wata tafiyar na tarar yana ta rufe wa Yaya ido biyu. A ranar ƙarshe na sa aka kawo ta. Abokin aikina ya ce, “Ka yi ɗaya, ɗayan sai baɗi.” Na ce wa ya san mai rai baɗi, matar da ta yi mini uwa ba zan bar ta da rabin gani ba. Abin da ba zan taɓa yi wa baƙo a Virginia ba, shi na yi wa Yaya, ido biyu rana ɗaya, ina jin kaina gwani. Washegari na kwance mata, ta dube ni ta ce, “Auta, ashe ka yi furfura? Kai da na yi wa wanka!” Ta ga hoton takwararta, ta rungume shi. Na ba ta baƙin gilashi na ce ta sa na mako guda. A safiya ta uku mota tana jira a waje, na shiga yi mata sallama, na tarar da ita a ƙofar kicin, hawaye yana bin gefen gilashin, fatar idon ta ɗan tasa, ta yi ja. Na ce, “Yaya, idon nan fa?” Ta ce, “Hayaƙi ne, Auta. Je ka kada jirgi ya bar ka.” Fitilar duba ido tana cikin aljihun rigata, hannuna har ya taɓa ta. Na san abin da jan ido yake nufi a rana ta uku, na koyar da shi ga ɗalibai, na san in an kama shi a ranar ana iya ceton ido. Direba ya danna ham. Na ce, “To ki rage zama kusa da wuta,” na fita.

Shekara biyu ban koma ba. In na bugo waya sai ta ce tana ganin har ƙwayar gero, ta kuma hana kowa a gidan ya gaya mini. Da na je na same ta zaune a bakin gado da gilashin nan na mako guda. Na ce me ya sa har yanzu. Ta ce, “Na likitana ne, ado nake yi.” Na sa hannu na cire. Idanun sun lotsa duka biyu. Na durƙusa a gabanta na ce, “Me ya sa ba ki faɗa ba?” Ta ce, “In faɗa ka yi me? Ka riƙe mini sanda daga Amurka? Kwana biyu na yi ina gani, na ga furfurarka, na ga takwarata. Tashi, ƙasa da sanyi.” Ta lalubo kaina ta shafa, ta yi 'yar dariyar nan tata, ta ce, “Labari ɗaya Kaka ta ba mu ni da kai, Auta. Kai farkonsa ka ɗauka.” Na rantse mata zan zauna. Ta ce tikitina na yaushe ne, na ce ranar Laraba. Ta ce, “To.” Ranar Laraba na tafi. Ta rasu bayan 'yan shekaru, wata jikar maƙwabta ce take ja mata sanda. Na daina zuwa aikin kyauta na ce bayana ne ya matsa mini, 'ya'yana kuma na ce musu ciwon sukari ne ya makantar da gwaggonsu.

Ranar Asabar da rana na sa aka kai ni gidan 'yata a Manassas. Na same ta a gareji tana liƙe kwalayen magungunan ɗigawa a ido, sai ƙiii ɗin salatif kake ji. Ta ja mini kujera, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, “Baba, ka zo da labarin? Wajen daddawa nake so, mutane za su yi dariya.” Na ce na zo da shi, amma ta bar ni in kai ƙarshe. Na ba ta na uban Kaka har zuwa tarin, na ga idonta ya kawo ruwa, tana murmushi. Da na tsaya nan da na tashi da mutuncina. Na ci gaba. Ina cikin faɗar safiyar mota sai na ji ƙarar salatif ta tsaya.

Ta ce, “Ido biyun? Rana ɗaya?”

Na ce, “Rana ɗaya.”

“Kuma ka ga jan.”

“Na gani.”

“Ka ce mana sukari ne.”

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da likita yake yi wa hoton ciwo, sannan ta koma kan kwalinta. Na ce mata ba gafara na zo nema ba, wadda za ta yafe ta riga ta tafi, na zo ne saboda tikitinta na rana ta biyar. Ta ce tana da marasa lafiya a nan ranar Litinin, ba a sake jadawali haka kawai. Na ce ni ma abin da na gaya wa kaina ke nan. Mijinta ne ya mayar da ni gida. A taron ban kwana ba ta ba da labarin kowa ba, ranar tafiya kuma saƙo kawai ta turo cewa sun tashi. Bayan kwana biyu mijinta ya kawo mini wata leda, na buɗe na ga tsinken, an ciro shi daga gilashinsa.

Na zauna ina ƙirga kwanaki. Ranar da ya kamata jirginsu ya sauka na yi wanka tun safe na zauna kusa da waya, duk da na san ba ni za a kira in taro ta ba. Hantsi ya yi, jirgin ya sauka, ba labari. Can wajen azahar waya ta yi ƙara da lambar can gida. Kafin ta yi magana na ji kukan akuya a bayanta, da muryar mata suna gaisawa, da wani yana jan benci a kan siminti. Ba ta yi sallama ba, ba ta ce Baba ba, ba ta tambayi idona ba.

Ta ce, “Sauran sun tafi. Ni ina nan. Ɗazu wata tsohuwa ta zo, cikin waɗanda na yi wa ranar ƙarshe. Idon ya yi ja.”

Na ce, “Me ta ce?”

“Ta ce hayaƙi ne.”

Na riƙe hannun kujera. Na ji numfashinta a cikin wayar.

Ta ce, “Ban yarda da ita ba.” Ta kashe wayar.